Jirgin da Rabi Ta Gani

"Yi sauri mana, kafin rana ta faɗi," in ji Anwar, yana jan hannun matarsa Rabi cikin yashin bakin teku.

Tun a asibitin Gusau, sai da likita ya fitar da ita waje sannan ya gaya wa mijin: idanunta ba za su kai damina ba. Anwar bai faɗa mata ba. Ya dai ɗauko ta daga Bunguɗu zuwa Legas, wai zumunci, don ta ga dangi da teku tun tana gani. Ya kai ta Agege gidan Gwaggo, ya kai ta wajen yayanta. Ko'ina sai ya ce, "Kalle su da kyau." Ita kuwa ta yi ta shafa fuskokin yara tana dariya.

"To, ga tekun naki. Kin gani?"

"Na gani, maigida! Shuɗi fes. Kai, ga jirgin can, ƙato kamar yadda ka ce!"

Anwar ya bi yatsanta da kallo. Ruwan ya yi duhu, babu jirgi ko ɗaya.

"Rabi... tun yaushe?"

Ta ƙara damƙe hannunsa.

"Tun a hanya, kafin mu wuce Tsafe, na daina gani. Na ji kana ta murna ne, shi ya sa ban faɗa ba."