Kwalabe Goma Sha Biyu

A ɗakin ajiyar masara da ke hanyar Maska, mutum goma sha biyu ke feshin maganin ƙwari. Ba safar hannu, ba abin rufe hanci. Sanda, babbansu, yakan yi amai a bayan buhuna, ya share baki da hula, ya koma aiki.

Maitama, mai kula da wurin, ya san haka. Abin da ya dame shi kawai jarkokin maganin. In sun ƙare, shi yake kwashewa gida, don matarsa ta ce sun fi randa tare ƙura daga ruwan sha.

Da Hajiya Amatullahi, jami'ar lafiya, ta zo daga Funtua da kwalabe don a gwada fitsarin ma'aikata, sai mazan suka sunkuyar da kai. Wa zai miƙa wa mace fitsarinsa a bainar jama'a?

"Hajiya, kunya suke ji," in ji Maitama. "Bar mini kwalaben, ni zan tattara."

Ya san in gwajin ya nuna guba, za a rufe wurin, aikinsa ya tafi. Kwana uku ya yi kafin ya kai mata su. Kowace da suna a jiki, ba wadda ta kai rabi.

Bayan mako biyu ta dawo. Ya tarbe ta da fara'a, ya sa aka kawo lemo. Ba ta taɓa ba.

"Malam Maitama, kai ba ka tsoron Allah? Shekara ashirin ina aikin nan, ban ga irin wannan ba. Duka goma sha biyun, kamar da mudu ɗaya aka auna musu gubar. Wannan ko ƙaton namiji ne, jijiyoyinsa ba za su daɗe ba. A kai su asibiti yau."

Fara'ar ta gushe. Ya tambaye ta ko injin yakan yi kuskure. Ta ce sau biyu aka maimaita.

Bai kira Sanda ba, bai kira kowa ba. Ya ruga wajen babur, ya nufi gida.

Ba ma'aikacin da ya taɓa ganin kwalaben nan. Da hannunsa ya zuba musu fitsari daga fo ɗin Jamila, 'yarsa mai shekara uku.