Jan Biron Baba

"Zo nan. Turo ƙofar."

Ta tura ƙofar. Kwana uku ke nan wayarta tana hannun Baba, tun da ya kama ta tana latse-latse a shagonsa na buga littattafai. Shi da ya ce karatun waya ba karatu ba ne! A ciki kuwa akwai labarin da take sakawa a intanet a ɓoye, kan wani mugun uba mai injin buga littattafai.

Baba ya kashe injinsa. Shagon ya yi tsit, sai warin tawada.

"Ke kika rubuta?"

"Baba, don Allah... wallahi yanzu zan goge."

"Goge? Shi ya sa na tsani abin nan."

Ya jawo durowa. Ta runtse ido tana jiran bulala. Sai ta ji nauyi a tafinta: labarinta ne a littafi ɗinkakke, gam bai gama bushewa ba, shafukan duk jan biro.

"Goge wannan in gani. Kuskure saba'in na gyara miki. Kuma uban nan, rage masa tumbi kafin mu buga dubu."