Shafin da Ya Yaɗa Hotona

"Daina kuka, ƙanwata," in ji Yaya, tana share min hawaye. "Allah zai tona asirinsa."

Wani shafi marar suna ne ya yaɗa hotona a gadon asibiti, kaina ba gashi. Ciwon da na ɓoye a wurin aiki, yanzu kowa ya sani. Har manaja ya ce in zauna gida.

Na rubuta sunan shiga na shafin a wayata, na danna "na manta kalmar sirri", ko zan hango lambar mai shi.

Aka ce an tura masa saƙo.

Waya ta yi ƙara a jakar Yaya.

"Yaya, duba mana."

"Ƙyale ta, 'yan talla ne."

Na sake dannawa. Jakar ta sake ƙara.