Sirrin Fentin Habila

Da farce Alhaji mai kamfani ya ɗago gefen fentin, ya ja, sai ga shi ya biyo hannunsa kamar ɓawon dafaffen dankali. Bodi na uku ke nan da aka dawo da shi cikin wata guda.

Habila ya tsaya da hula a hannu. Shekara goma sha ɗaya yana shugaban masu fenti a wannan kamfani na ƙera bodin manyan motoci a Sharaɗa, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Kowa ya san galbanais, ƙarfen nan mai ruwan tutiya da ake yin gefen bodi da shi, ba ya shiri da fenti. Amma na Habila kamawa yake. An taɓa kawo wani injiniya da ya ce sai an wanke irin wannan ƙarfe da wani ruwa mai tsami na ƙasar waje kafin fenti ya sami wurin riƙewa. Habila ya yi masa dariya har da riƙe ciki. Shi yana da haɗinsa, wani mai da yake ɗigawa a gwangwani bayan ya juya wa kowa baya. Ko matarsa Esta ba ta san sunan man ba.

"Zuwa Juma'a," in ji Alhaji. "In na ga na huɗu, ka nemi wani wurin."

"To, ranka ya daɗe."

Tsoro ya kama shi sosai. Yara biyar gare shi a Panshekara, kuma a 1984 kamfanoni sallama suke yi, ba ɗauka ba.

Idi mai sito ya fara zargi. Wa ya sani ko yana tsiyaye fenti ya cika da kananzir? Habila ya fasa sabon gwangwani da hannunsa, ya ɗiga mansa, ya fesa. Kwana biyu fentin ya tashi.

Ƙarfen kuwa bai ma tsaya zarginsa ba, don bai taɓa yin kyau irin na bana ba. A da jingine fallayen ake yi a bayan kamfani, jikin shingen waya, inda su Hajjo mai kunu ke kasa kayansu. Kafin a zo kansu sun dushe, duk tabo, abin takaici. Habila ne da kansa ya yi ta kai ƙara har aka gina sito mai rufi, aka kori masu tallan gaba ɗaya. Yanzu ƙarfe yana zuwa masa yana ƙyalli, mutum ya ga fuskarsa a ciki.

Sai ga labari a bakin direbobi: wani ɗan ƙaramin kamfani a Challawa, wanda a da ba wanda ke kallonsa, fentinsa ya daina tashi. Kuma can Uba ya koma, tsohon mataimakinsa, wanda ya yi shekara shida yana leƙen kafaɗarsa.

Shi ke nan, Habila ya gama shari'a a ransa. Uba ya sace sirrin, kuma bai tsaya nan ba, ya bar wani a baya yana ɓata masa aiki. Ya daina amsa gaisuwar abokan aiki. Ya koma tafiya gida da kwalbar mansa a aljihu, har coci da ita yake zuwa.

Ranar Alhamis da hantsi ya ce ciki ke damunsa, ya hau bas zuwa Challawa. Bai bi ta ƙofa ba. Ya zagaya baya, ya laɓe, ya leƙa ta shinge.

Ga Uba can cikin rumfa. Ya buɗe gwangwani a gaban kowa, ya motsa da sanda, ya zuba, ya hau feshi. Bai ɗiga komai ba. Habila ya jira na biyu, shi ma haka. Ya dubi fallayen da aka jingine a shingen gabansa, sun dushe, duk tabo. Ƙazamai, ya ce a ransa, ko sito ba su da shi.

"A'a, Malam Habila! Kai ne a nan?"

Ya juya a firgice. Hajjo ce zaune a kan kujerarta 'yar tsugune, ga tukunya a kan wuta, ga ƙwarya a gabanta tana matse wani abu.

"Ina kwana, Iya. Nan kuka dawo?"

"Tun da kuka kore mu, ɗan nan. Su nan ba ruwansu, ba wanda ya taɓa ce mini na ɓata masa ƙarfe. A zuba maka? Da zafinsa."

Idonsa na kan ƙwaryar. Hajjo ta gama tace tsamiyar kununta, ta miƙe da ragowar ruwan tsamin, ta watsa shi a jikin fallayen, kamar yadda ta yi kowace safiya a bayan kamfaninsu shekara goma sha ɗaya.