Gwangwanin Gindin Gada

Na buɗe gwangwanin, na tarar da ƙuli-ƙuli a leda, kamar kowace Juma'a.

Wasan ɗaliban jami'ar Aliero ne. Ka ɓoye gwangwani, ka sa alamar wurin a waya, wanda ya gano ya ɗauki abin ciki ya bar nasa. Ni na ɓoye nawa a gindin tsohuwar gadar Jega, inda ruwa ya tafi da yayana Surajo bara. Ba a ga gawarsa ba.

Nakan cinye ƙulin, in bar alawa. Na ɗauka wata ɗaliba ce, har riga nake gogewa kafin in zo.

Wannan Juma'ar na yi sammako don in ga fuskarta. Sai ga Inna durƙushe tana kwance leda. Inna da ko waya ba ta da ita.

Ta riƙe hannuna.

"Naziru, kak ka hwaɗa ma Baba. Surajo na nan da rai. Duk abin da na aje shina cinyewa, har alawa shika bar min."

Na jira ta tafi. Na cinye ƙulin, na saka alawar.