Tudun Bayan Coci

"Keken ragwaye ke nan," in ji mijinta, yana kallon keken lantarkin da take son saya. "Batir ya yi aiki, ke ki sha yabo."

Mai shago ya miƙa mata hular kwano. "Ki gwada shi a tudun bayan coci, Mama. In hawa ya yi tsauri, ki danna nan."

Tun kafin aure suke hawan tudun nan duk Lahadi, kowa da kekensa, shi a gaba, ita a baya. Bana ciwon gwiwa ya zaunar da ita, ya koma fita shi kaɗai.

Ta hau na lantarkin, ya hau tsohon kekensa. A tsakiyar tudu ta danna, ta wuce shi fuu.

Ta waiwaya za ta yi masa gwalo. Bakinsa a wangale, leɓensa ya yi fari fat, idanu sun firfito. Duk shekarun nan, ƙeyarsa kawai ta sani a tudun nan.

Ta sassauta har ya wuce ta.

"Ya yi miki?" in ji mai shago da suka dawo.

"Ya yi." Ta rage murya. "Akwai wanda ba a ganin batirinsa? Na dogon mutum."