Ranar da Tau Ya Dunƙule

Sai da ta ci wata bakwai tana fama a ɗakin binciken kimiyya inda take aiki, sannan tau ya dunƙule. Tau ɗin nan wani furotin ne na ƙwaƙwalwa. Wai in ya haɗu da zaren RNA, wani sinadari na cikin ƙwayar halitta, sai ya cukurkuɗe, kamar yadda yake yi a ƙwaƙwalwar masu ciwon mantuwa. Abin da take nema ke nan a 'yar kwalba, ya yi ta ƙi.

Abokin aikinta, wanda bakinsa ba ya hutu, ya leƙo. "Malama, wane boka kika samu? Ko kin daina kama kaya da hannu tsirara? Na sha gaya miki, gumin yatsa kaɗai cinye RNA yake."

"Kai dai tafi da surutunka," ta ce, ta zauna.

Gaskiyarsa fa. Da, sau goma a wuni take tuɓe safar hannu ta ɗaga waya, don Inna na kira tana tambayar ko ta ci abinci. Sati uku ke nan ba ta tuɓe ba, don kiran ya daina zuwa. Inna na can gida, waya a cinyarta, tana tambayar mai jinya mene ne wannan abin.